Wuƙar da Safiyanu Ya Zaɓa

Damina ta yi nisa ranar da rafin da ke bayan rugar su Safiyanu, can wajen Zandam, ya cika ya tumbatsa da hantsi. A wani wuri aka yi ruwan, nan ko yayyafi ba a yi ba. Yana da wata karsana mai ciwon ƙafa da ya ɗaure a fadama da igiyar leda don kada ta bi garke. Kafin ya isa, ruwa ya kai mata ƙirji, ƙullin kuma ya jiƙe ya ƙi kwancewa. Ya zaro 'yar wuƙarsa mai naɗewa ya danna a kan igiyar da ƙarfi. Sai ƙarfen ya komo baya ya rufe a kan yatsunsa biyu, ya yanke shi har ƙashi. Wuƙar ta suɓuce ta faɗa ruwa. Yana ji yana gani karsanar ta nutse a gindin turkenta.

Ciwon ya warke, amma yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Da ya yi shirin zuwa kasuwar Birnin Kudu neman wata wuƙar, matarsa Zahara'u ta ce, "Malam, ka je wurin maƙeri mana ya yi maka mai kube irin ta Baffa. Ita ba ta rufewa a hannun mutum."

"Zamanin Baffa daban," in ji shi. "Yau in aka ga mai shanu da wuƙa a damtse, ba wanda zai tsaya jin bayaninsa. Ta aljihu nake so, amma ta ƙwarai."

A kasuwa aka nuna masa rumfar Malam Hambali, wani dattijo mai sayar da kwaɗo da tocila da wuƙaƙe. Hambali ya fara miƙo masa wata mai ƙyalli, an yi mata zane a ƙota. Safiyanu bai karɓa ba, hannunsa na dama kawai ya buɗe ya nuna masa.

Dattijon ya daɗe yana kallon tabon. "Subhanallahi. Marar makulli ce ta yi maka haka ko?"

Ya mayar da mai ƙyallin, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Safiyanu ya zauna a benci ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ya buɗe sai ya buga bayan ƙarfen a gefen tebur ya ga ko za ta rufe. Wata ta rufe a bugun farko, ya ture ta gefe. Wata makullinta ya riƙe, amma da ya girgiza ƙarfen ya ji yana rawa a wurin ƙusa. Wata kuma ƙotarta sumul take, ya roƙi ruwan buta ya jiƙa tafinsa, ya ji tana zamewa.

Daga ƙarshe ya tsaya a kan wata baƙa mai nauyi, ƙarfenta da kauri, ƙotar da kaushi, ga wani ɗan maɓalli da babban yatsa ke turawa ta buɗe da hannu ɗaya. Ya gwada da hagu, ta buɗe ta ce ƙas. Hambali ya ba shi guntun igiyar leda, ya ja sau ɗaya ta rabu.

"Ba ta da kyan gani," in ji Hambali, "kuma za ta ja maka aljihu. Ka riƙa goge ta kana sa mata ɗan mai."

Suka yi ciniki, Safiyanu ya shiga motar Gwaram bayan azahar.

Sun kusa gari suka tarar an gindaya gungume a hanya. 'Yan sintiri ne. Direba ya ce jiya shanu sun shiga gonar dawa a wani ƙauye, rigima ta tashi, an sari mai gonar. Aka sauke kowa, amma Safiyanu da wani tsoho mai sanda kaɗai aka laluba.

Wanda ya ciro wuƙar daga aljihunsa Munzali ne. Safiyanu ya san shi tun suna yara. Kowane rani shanunsu na kwana a gonar mahaifin Munzali suna bar masa taki.

"Munzali, ni ne fa. Safiyanu."

Munzali bai dube shi ba. Ya buɗe wuƙar ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. "Sabuwa fil. Ta mece ce wannan?"

"Ta aiki. Yanke igiya, sassaƙa turke, yanka dabba in ta kasa."

"Ina tsohuwar? Jefar da ita ka yi jiya?"

Safiyanu ya fara ba da labarin karsanar, amma babu mai saurare. Fasinjoji suka koma mota. Wata mata ta leƙo ta taga ta ce a ji tsoron Allah, direba ya ja suka tafi.

A gindin wata tsamiya aka zaunar da shi har la'asar sakaliya, sai da labari ya kai ga mai unguwarsu, ya zo a kan babur ya shaida cewa jiya tare suka wuni a wurin suna. Munzali ya miƙo wuƙar, har yanzu bai haɗa ido da shi ba.

"Aiki ne aka sa mu," ya ce a hankali.

Safiyanu ya karɓa ya mayar da ita aljihu. A hanya mai unguwa ya juyo ya ce masa ya rage shiga gari har ƙura ta lafa, kuma bana kada ya kai shanu gonakin gabas ko an girbe.

Da ya isa gida Zahara'u ta ga fuskarsa, ba ta tambayi wuƙa ba. Ya faɗa mata abin da ya faru. Ta ce yayanta da ke Surko ya daɗe yana cewa akwai fili kusa da shi in suna son komawa can.

"A nan aka binne Inna," in ji Safiyanu.

Ya tashi ya nufi garke, don maruƙa sun fara kuka ba a ɗaure su ba.