Tayar Fermín

Shekara shida Don Celestino magini yana kawar da kai duk sanda ya zo kwanar da ke saman garin Caranavi. A nan aka kafa wata taya mai farin fenti, rabinta a ƙasa, daidai inda motar yashi ta kife da amininsa Fermín. Kowa ya san cewa wanda ya mutu a hanya, a wurin kurwarsa ke zama. Shi ya sa duk Litinin Doña Eulogia, matar mamacin, take kai kyandir da ganyen koka da mutanen yankin ke taunawa, ta ɗiga barasa a gindin tayar. Celestino ne ke tuƙi ranar haɗarin, gyangyaɗi ya ɗauke shi, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da hukumar gari ta sa a kwashe tsofaffin tayoyi saboda sauro, a niƙa su a zuba cikin kankare, sai ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tumɓuke tayar, ya cusa ta ƙarƙashin sauran. Inji ya mai da su tsaki-tsaki, ya haɗe tayoyi ɗari uku wuri guda. Da hannunsa ya kwaɓa da siminti, ya daɓe hanyar 'yan ƙafa tun daga kasuwa har ƙofar gidansa.

Daɓe ya yi kyau, ba ƙarya. Tsofaffi suka ce gwiwa ta huta, ga shi ba a jin ƙarar takalmi. Wannan shirun ne ya zame masa bala'i. Rana tsaka yana tafe ba ya jin takunsa, amma yana jin na wani a baya, mai jan ƙafar hagu kamar Fermín. Tsoro ya hana shi cin abinci, mutum ya rame kamar kara.

Wata Litinin ya buɗe ƙofa ya tarar da Eulogia a durƙushe tana kunna kyandir a kan daɓen. Ta ce ma'aikata sun gaya mata inda tayar ta shiga, ba ta kuma tambayi wanda ya cire ta ba. Tun daga kasuwa ta faro, kowace Litinin taku goma, yau ta iso nan.

"Da can wuri ɗaya nake kai masa, Don Celestino. Yanzu ko'ina yake."

Ta miƙo masa kwalbar barasar, ta nuna ƙasan ƙafarsa.

"Ɗiga masa kai ma. Ai ya gaji da jiranka a kwana, shi ya sa ya biyo ka gida."