Abinci Ya Sauka

Matar kafinta ta zura tsohon tawul a ƙarƙashin ƙirjin karen, ta kama gefe da gefe ta ɗaga, kamar yadda likitan dabbobi ya nuna mata. Ƙusa ya miƙe a kan ƙafa uku yana karkarwa. Sai ya manta, ya jefa nauyinsa wajen ƙafar gaban da babu, ya tafi luu zai kifa. Ta tare shi da gwiwa.

"Kai ma dai! Sau nawa zan faɗa maka babu ita?"

Ita da ko inuwar karen nan ba ta so ta taɓa ta, yau ga ta da gashinsa har a zani. Ƙusa na mijinta ne. Shi ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a bayan shago, ya raɗa masa sunan don wai in ya kafe a wuri sai da guduma. Shagon a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gida, a nan su biyun suke yini cikin ƙurar katako. Ranar da wata motar kaya ta ƙwace a hanyar kasuwar katako, tare ta kwashe su. Kafinta ko asibiti bai kai ba. Karen kuwa ƙafarsa ta dagargaje, aka yi ta fama, ƙarshe dai aka yanke.

Jiya da ta je ɗauko shi, likitan ya ja ta gefe.

"Mama, ɗinki ya yi kyau, ba ruwa ba wari. Amma ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Tun da aka kawo shi bai sa komai a bakinsa ba. Ki gwada shi a gida. In har gobe da yamma bai ci ba, ki dawo mini da shi, gara mu hutar da shi."

Ba yarinya ba ce, ta san wane irin hutu yake nufi.

Me ba ta yi ba? Ta dafa hanta, ta soya kifi, ta ɗuma madara. Ta shimfiɗa buhuna a kan siminti don kada santsi ya kwashe shi, ta cire masa robar nan mai kama da mazurari da aka saƙala masa a wuya ko ita ce ta dame shi. Ƙusa ko kallo kwanon bai ishe shi ba. Ya dai kwantar da haɓa a ƙasa, ya zuba wa ƙofar shago ido, dungulmin kafaɗarsa yana ɗan motsi a cikin bandeji kamar mai son tono.

Ta san dalili, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da can ɓarayi sun taɓa jefa wa karnukan layin nama mai guba, tun daga nan kafinta ya hori Ƙusa: ba ya cin komai sai an ba shi izini. In ta tambaye shi wane irin izini, sai ya kashe mata ido ya ce sirri ne tsakanin maza. Ita kuma ta taɓe baki ta ce su suka sani. To ga shi, mutum ya tafi da sirrinsa.

Da hantsi ƙanin mijinta ya shigo, direba ne, autansu marigayi. Ya tsuguna gaban karen, ya tura masa kwano.

"Ci! Ɗauka! Oya, kama!" Ya yi fito, ya tafa, har da ƙoƙarin kwaikwayon muryar yayansa. Ƙusa ya lumshe ido.

"Auta, ka bari haka, kana ba ni kunya a gaban kare."

Ya yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba. Ya miƙe yana karkaɗe wando. "Matar Yaya, gaskiya fa ɗaya ce. Dabbar nan ta riga ta bi ubangidanta, gangar jiki ce kawai ta rage. Da yamma in zo da mota mu mayar da shi. Ki dubi yadda kika koma, duk kin zabge."

"Yamma ba ta yi ba tukuna."

Ya kalli ƙofar shagon, kwaɗon yana nan yadda aka rufe shi. Ya rage murya. "Har yanzu kina jin abin?"

"Iska ce," in ji ta.

Ba iska ba ce, kuma ta sani. Kullum in rana ta take, sai ta ji zarto yana cin katako a bayan ƙofar nan, a hankali, da ɗan tsayawar da marigayi kan yi ya hure ƙura. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai Auta, shi ma ta yi da-na-sani. Tsoro take ji ƙwarai. Wani abin kuma, ranar da ba ta ji ba ta fi shiga damuwa.

Bayan ya tafi ta shiga kicin, don dai hannu ya sami abin yi. Ta ɗora shinkafa. Sai da ta sauke ta lura ta sake auna ta mutum biyu. Tana tsaye da ludayi a hannu, ta taga tana hango Ƙusa a kan buhunansa, sai muryar maƙwabciya ta tsallako katanga, tana kiran nata mijin:

"Maigida! Abinci ya sauka!"

Kunnuwan Ƙusa suka miƙe cak. Ya ɗago kai, karo na farko tun jiya. Bai kalli katanga ba. Tagar kicin ya kalla, ita ya kalla. Ya jira. Da bai ji komai ba, ya mayar da haɓa ƙasa.

Ludayin ya suɓuce mata.

Ashe! Shekara da shekaru, in rana ta take, ta wannan tagar take leƙawa ta yi kiran nan. Zarto ya tsaya, kafinta ya fito yana kaɗe riga, kare na biye da shi. Kwanon Ƙusa kuwa tun da safe yake ajiye da abincinsa, ba ya taɓawa sai lokacin. Ba ta taɓa haɗa biyun ba. Wai sirrin maza! Mutumin nan da muryarta ya hori karensa, ya bar ta tana yi masa aiki ba ta sani ba, yana yi mata dariya a ciki.

"Amma ka iya shege," ta ce a fili, sai hawaye.

Ta zuba shinkafa da romo a kwanon, ta marmasa ƙwayar maganin da likita ya ba ta a ciki, ta kai bakin ƙofar shago inda aka saba ajiyewa. Ta dawo kicin ta tsaya a taga. Tun ranar da aka fita da gawar mijinta ba ta ƙara furta kalmar nan ta maigida ba, ko a zance, sai dai ta ce marigayi. Ta kira wa? In ta kira shiru ya amsa fa? In kuma ba shiru ba?

A bayan ƙofar, zarton ya fara.

Ta dafe bakin tagar da hannu biyu. Ƙusa yana kwance, haƙarƙarinsa duk a waje, ana iya ƙirgawa, inuwar katanga kuma ta fara miƙewa.

"Maigida," ta ce. Ta yi gyaran murya, ta ɗaga yadda ta saba, har da ɗan jan ƙarshen nan na mai cewa kada a bari ya huce. "Maigida! Abinci ya sauka!"

Zarton ya tsaya.

Ƙusa ya yunƙura ya faɗi. Ta yi kamar ta ruga da tawul, ta dai daure. Ya sake yunƙurawa, ya tattara ƙafar gaban da ta rage zuwa tsakiyar ƙirji, ya tsaya. Ya yi tsalle ɗaya, ya huta, ya ƙara, har ya isa. Amma bai sa baki ba. Ya ɗan matsa gefe, ya bar hanya daidai faɗin mutum, yana kaɗa wutsiya, kansa yana juyawa a hankali daga ƙofar shago zuwa tabarmar da ke gindin taga, inda marigayi ya saba zama cin abinci. Sannan ya sunkuya ya fara ci.

Ba ta kalli tabarmar ba. Karen ta kalla har ya lashe kwanon tas.

Da la'asar ta ji hon ɗin Auta a waje. Ta leƙa ta ce masa ya tafi abinsa, an ci.

"Kai! Me kika yi masa?"

"Kira na yi."

Ta mayar da ƙofa ta rufe. Ta wanke kwanon, ta kife shi a bakin shago. Likita ya ce maganin safe da rana ne, har ɗinki ya warke. Bayan ya warke ma, ai kare ba ya daina cin abinci.