Hannun Haladu a Rigar Gwamna

Tun a mota zazzaɓin ya fara taɓa Malam Haladu, amma sai da aka ajiye shi a kan bencin ofishin masu binciken tarayya, bayan azahar, sannan ya rufe shi ruf. A gefensa Barista Nafi'u ne, lauyan da gidan gwamnati ya aiko masa ba tare da ya roƙa ba, yana ta biya masa karatun jiya. In an tambaye shi abin da ya hana mutanen Kwarin Marke ruwa kwana goma sha tara, ya ce tsatsa ce ta ci ƙofar dam ta maƙale. Iyakaci a ce sakaci ne, a yi masa ritaya, a bar shi da iyalinsa a gidan ma'aikata. In kuwa ya ambaci wayar da aka buga masa, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Maganar ba ɓoyayya ba ce. Gwamna ya je kamfe Kwarin Marke, matasan garin suka yi masa "ba ma yi", ranar zaɓe kuma suka cika alkawari. Mako biyu bayan nan, alkama na fitar da kai, Alhaji Lawwali na hannun daman gwamna ya kira Haladu a waya, ya ce Mai Girma ya ce a rufe kanal ɗin hagu, magudanar da ke kai wa gonakin garin ruwa, sai an ji daga gare shi. Shekara ashirin da bakwai Haladu yana kula da ƙofar nan, kuma a Kwarin Marke aka yanke masa cibiya. Ya rufe.

Yanzu ga shi a benci, haƙora na kaɗawa, lauya na yi masa zuzu a kunne kamar sauro. Ya jingina kai da bango don ya huta da muryar. Yana kallon daɓen ofishin sai ya ga ya fara tsagewa, tsaga na bin tsaga, simintin ya koma busasshiyar laka, bangon ofishin na dama da na hagu suka kwanta suka zama gaɓar kanal. Ya duba, babu lauya, babu benci. Shi kaɗai ne tsaye a tsakiyar kanal ɗin hagu, babu takalmi, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa.

Wani curin laka ya fashe a gabansa, gaiwa ta fito, tsohuwa, rabin wutsiyarta babu. Ta gaishe shi da sunansa, ta ce ta daɗe tana jiransa, don su biyun sana'arsu ɗaya. Ya ce shi bai taɓa haɗa sana'a da kifi ba.

"In ruwa ya ɗauke nakan shige laka in yi shiru in ci jikina," in ji ta. "Kai me kake yi tun watan jiya?"

Ta juya ta kama tafiya a kan busasshiyar ƙasa, shi kuma ƙafafunsa suka bi ta ba da shawararsa ba.

Suka fito gonakin alkama. Karan na tsaye sahu-sahu har iyakar gani, kowace zangarniya da baki a buɗe, kowane baki babu harshe. Ba sa kuka, ba sa zagi, juyowa kawai suke yi suna binsa da kallo, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. A tsakiyar gonar ya hango Yaya Kuluwa, yayarsa da ta goya shi, wadda mijinta ya tafi kudu cirani bayan gonar ta ƙone, har yau babu labarinsa. Sheƙa take yi. Tana ɗaga ƙwarya, ƙaiƙayi na zuba, iska na kwashewa, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗa cikin ƙwaryar ƙasa, amma ba ta fasa ba. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ne."

Ba ta juyo ba. Ta ce wa gaiwa ta gaya wa baƙon nan cewa tana da ƙane da, mai irin muryar nan, amma an aro shi ba a dawo da shi ba.

Ransa ya yi baƙi ƙirin. Ya buɗe baki zai ce umarni aka ba shi, yana da 'ya'ya bakwai, wa ya isa ya ja da gwamna, sai ya ji bakin cike da ƙaiƙayi. Yana tofarwa gonar ta naɗe kanta kamar tabarma, ya tsinci kansa a kan gadar dam.

Ga sitiyarin ƙofa, ƙaton ƙarfen da ake murzawa a ɗaga ƙofa ko a sauke ta. Haladu ya san kowane haƙori nasa. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya goge shi ya shafa masa giris, ko an kawo daga ma'aikata ko ba a kawo ba, har abokan aikinsa na yi masa tsiya wai amaryarsa ce. Yanzu an kewaye sitiyarin. Wasu manyan mutane ne, ƙosassu, ƙamshin turarensu ya cika gadar, kowa da goro a baki. Suna taunawa suna tsartar da jan yawu a kan ƙarfen, wani na bi da yatsa yana baza shi. Alhaji Lawwali ne ke nuna inda ba a tofa ba. Barista Nafi'u na ja da baya yana ƙanƙance ido, yana cewa a ƙara ta nan, bai yi kama da tsatsa ba tukuna.

Sitiyarin ya yi ƙara, irin ƙarar da bai taɓa yi ba a hannun Haladu.

"Haladu, yaushe na taɓa maƙale maka? Da yatsa biyu kake juya ni. Ranar nan ma ban so ba, kai ka murza, na bi. Yau ni za ka tsaya a gaban hukuma ka yi wa ƙazafi?"

Kunya ta kama shi, sannan fushi ya biyo bayanta ya kore ta. Wato bai ishe su ba da suka sa shi ya kashe gonakin garinsu. Sai sun ƙwace abu ɗaya tak da yake taƙama da shi a duniya, a rubuta a takardar hukuma cewa Haladu malalaci ne, ya bar ƙofa ta ruɓe. Ya yunƙura zai ture su, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Ya duba, ashe babu hannun, hannun rigarsa ne kawai ke lilo.

Gaiwa ta ce ya daina nema a ƙasa, ya ɗaga kai.

Bayan ƙofar ruwan kwana goma sha tara ya taru ya miƙe tsaye, gini guda, ya fi kowace kuka tsawo. A cikinsa akwai falo mai sanyi da kujera ɗaya, a kan kujerar babbar riga ce fara sol, ta sha aiki, da hula a samanta. Tsakanin hular da wuyan rigar babu komai. Amma ta ko'ina a jikin rigar hannaye ne aka ɗinka, sun fi ɗari. Ga hannun ɗan sanda da kulki, ga na magatakarda da hatimi, ga na mai shela a rediyo, ga na wani malami riƙe da carbi. Can ƙasa kusa da lafin rigar ya ga wani baƙin hannu mai kanta, giris a ƙarƙashin farce. Nasa ne.

Rigar ta yi magana a hankali, da muryar da ake ji a rediyo ranar sallah. Ta ce ita tana ƙaunar talakawan Kwarin Marke, ta yi baƙin cikin abin da ya same su, har ta kafa kwamiti.

"Ni ban taɓa ƙofa ba. Ku bincika, ina da hannu?"

Duk hannayen suka tafa, har da nasa. Wannan tafin ne ya fi ƙona masa rai.

Sai ya lura da zalɓe. Sun jeru a gaɓar dam, dogaye, kowanne a kan ƙafa ɗaya, kowanne da biro a baki. Gaiwa ta raɗa masa cewa waɗannan su ne masu bincike daga babban birnin tarayya. Haladu ya ji sanyi a ransa, ya ruga wurinsu, ya ce ga riga can, su kama ta. Babbansu ya dube shi da ido ɗaya ya ce suna sane, ai tun ranar farko suna tsaye a nan. Haladu ya tambaye shi, suna tsaye alkama ta mutu? Suna tsaye mata suka koma haƙa yashi suna neman na sha?

"A lokacin rigar nan da maigidanmu na babban birni akushi ɗaya suke ci," in ji zalɓen. "Yanzu sun ɓata."

"To in sun shirya gobe fa?"

Zalɓen ya sauya ƙafa. Ya ce su dai an aiko su su koma da wani abu a baki. In riga ta samu, madalla. In ba ta samu ba, hannu ma ya isa.

Haladu ya tsaya tsakanin ruwa da tsuntsaye. Ashe babu wanda ya zo don alkama, babu wanda ya zo don Yaya Kuluwa. Manya ne ke kokawa, aka rasa ƙasar da za a yi ta sai a kan gadon bayansa. Ya tsine wa rigar, ya tsine wa masu goron, ya tsine wa tsuntsayen, saura kansa kawai.

Gaiwa ta ja shi ta ƙafar wando. Ta riga ta haƙa masa rami kusa da nata, daidai tsawonsa, da ɗan sanyi a ciki. Ta ce ya shigo, masu hankali duk nan suke ƙarewa. Ba wanda zai kore shi, ba wanda zai taɓa 'ya'yansa. Shi dai abin da zai yi, ya ce tsatsa ce kawai, laka ta rufe shi, ya ci jikinsa a hankali har damina. Ya tambaye ta ko da zafi. Ta ce babu, sai an iso zuciya.

Ya sa ƙafa ɗaya. Da daɗi kuwa, wallahi da daɗi. Laka ta kama gwiwarsa, ta hau ƙugunsa, ta iso ƙirji. Daga nan ƙasa yana hango hannunsa a jikin rigar, an miƙa masa goro, ya karɓa, yana shirin shafa jan yawu a kan sitiyari tare da sauran.

Bai san lokacin da ya fizge kansa daga ramin ba. Ya faɗa cikin ginin ruwan da ka, ya kama hannun nan da haƙora, ya ja. Zaren ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Rigar ta yi ihu, ba da muryar rediyo ba, da wata 'yar siririyar murya ta matsoraci. Sauran hannayen suka rufe shi da duka, zalɓe suka tashi sama gaba ɗaya, ginin ruwan ya tsage daga sama har ƙasa, ya karkato kansa.

"Haladu Mamuda."

Ya zabura. Benci ne, da bango, da daɓen siminti lafiyayye. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Wata jami'a mai tabarau na tsaye a bakin ƙofa da fayil a hannu. Barista Nafi'u ya kama shi ya miƙar, ya matse masa damtse, ya raɗa masa kalma ɗaya, tsatsa.

A ciki jami'ar ta kunna na'urar ɗaukar magana, ta tambaye shi abin da ya sami ƙofar dam.

"Lafiyarta ƙalau, ranki ya daɗe. Ni na rufe ta. Waya aka yi mini."

Lauyan ya miƙe ba sallama, ya fita yana latsa waya. Haladu ya san kafin magariba kayan matarsa na iya kasancewa a titi, kuma tsoro ya kama shi sosai. Jami'ar kuwa ta gyara zama, idonta ya yi haske, ta ɗora biro a kan takarda ta ce wa ya kira shi, ya faɗi sunan. Ya dubi takardar. Tun da ya shigo ba ta rubuta komai ba, sunan kawai take jira.

Ya ce zai faɗa, har wanda ya aiko mai wayar zai faɗa. Amma akwai gonaki ɗari biyu da sittin a kan kanal ɗin hagu, ya san mai kowace, da su za a fara. Ta ce ba wannan aka kira shi ya faɗa ba, kuma lokaci na tafiya.

"Kwana goma sha tara suka jira," in ji Haladu. "Rubuta. Kuluwa Mamuda, kadada ɗaya da rabi, alkama."