Taku Goma Zuwa Daɓe

A shekarar da damina ta biyu ta wuce Tungar Marke ba ta ko yi sallama ba, Malami, tsohon hedimasta, ya samu dabara. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun da ya ajiye aiki yake samun dabaru, kusan kowane mako, mutanen gari kuwa sun saba da su yadda ake sabawa da tarin tsoho: a ji, a ce sannu, a ci gaba da abin da ake yi. Abin da ya ɓata wannan karon shi ne an saurare shi.

Shanun Illo ne sanadi. Illo Bafillace ne, rugarsa na bayan gari tun zamanin iyayensu, yana kiwo yana ɗan taɓa noma, kuma abokin Malami ne tun suna samari. Da, garkensa ya haura saba'in. Yanzu tara suka rage, su ma ba sa iya tashi da kansu. Kullum bayan sallar asuba maza shida ke zuwa ruga, a zura sanduna biyu ta ƙarƙashin cikin saniya, wani ya kama wutsiya, a yi bisimilla a ɗaga. In ta tsaya, takan jure har rana ta take. In ta sake kwanciya kuwa sai gobe, don babu mai ƙarfin ɗagawa biyu a yini, ba mutanen ba, ba saniyar ba. Malami ne mai wutsiya. An ba shi wannan muƙami ne bayan an yi nazarin ƙarfinsa.

Kowa ya san inda abin ya dosa. Shanun ba za su kai kasuwar Sabon Birni da ƙafarsu ba, wadda duk ta mutu ba a yanka ba kuma mushe ce, ba ci ba sayarwa. Gidan Illo baki goma sha ɗaya ne, geron da ya rage musu ba zai ga ƙarshen wata ba.

Dabarar Malami ita ce a yi ranar gashi. A yanka taran gaba ɗaya, a yi tsire da balangu, abin da ya rage a shanya kilishi. A gayyato masu albashi daga Isa da Sabon Birni, da 'yan kasuwar hatsi, da direbobin manyan motoci masu ratsawa Nijar. Kowa ya biya da gero, tiya ko rabin tiya, a tara wa Illo abin da zai kai iyalinsa damina.

"To mi muka jira?" in ji Ɗanmusa, sarkin fawan garin. "Wuƙata na nan, gobe ma rana ta."

"Gobe? Babu takarda?" Malami ya gyara zaman tabarau. "Zamanin soja na, Sarki. Ka tara jama'a ka hura wuta babu izini, a zo a rushe maka tukuba a ɗaure ka. Kuma wane ma'aikaci za ya zo cin naman da babu hatimi?"

Illo, wanda tun ɗazu yake zanen ƙasa da sandarsa, ya ɗago kai ya dubi Malami. "Kaɗo, kwana nawa takardar ga taka ci?"

"Ukku. In ta lalace, huɗu. Dubagarin ɗalibina na."

Illo ya ce to. Saurin amincewarsa ya ɗan ba Malami mamaki, amma ya ɗauka kwarjininsa ne ya yi aiki.

A Isa, Kalilu dubagari ya tashi tsaye da ganin malaminsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa, ya aika aka kawo ruwan randa. Sannan ya buɗe littafi. Sai an yi daɓen siminti inda za a yi yanka. Ganga biyu cike da ruwa, ɗaya ta wankin nama ɗaya ta wankin hannu. Rami mai zurfin gaba guda don tumbi da jini. Ragar hana ƙuda. Mahauci ya je asibiti a auna ƙirjinsa, ya kuma sa farar riga. Na ƙarshe, dole dubagari ya ga kowace dabba da ranta, tsaye da ƙafafunta, ta taka taku goma zuwa daɓe ba a riƙe ta ba.

"Kalilu," Malami ya sassauta murya, "shanun nan ba su da kwanaki da yawa."

"Na sani, Malam. Amma bara wani ƙauye saniya ta faɗi anka yi maza anka yanka, ashe ciwon saifa na. Mutum goma sha ukku munka rufe, ni na auna zurfin kaburburan." Ya rufe littafin a hankali. "Kuma ku kunka koya muna. Kun tuna ranar da kunka kore ni gida don ban yanke akaifa ba? Ranar jarrabawa ta, Malam."

Malami ya tuna. Har ya tuna cewa a lokacin ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Ya dawo gida da jerin sharuɗɗan cikin aljihun gaba, inda kowa zai ga bakin takardar. Buhu biyu na siminti da ya ɓoye don gyaran ɗakinsa ya fitar, aka yi daɓe a gindin marken bakin kasuwa. Abin da bai lissafa ba shi ne siminti na shan ruwa. Kwana uku ana yayyafa masa safe da yamma, alhali matan gari na wuni a bakin rijiya suna jiran ta tsattsafo. Matarsa Kadijatu ta tarar da shi da tulu a hannu.

"Malam, ƙasa kaka shayarwa?"

"Siminti na. In bai sha ba, ba ya ƙarfi."

"Allah sarki," in ji ta. "Ashe ɗan'uwanmu na."

Ɗanmusa ya je awon ƙirji bai tsallake ba. Shekara talatin yana tari a kan hayaƙin tukuba, in ji shi, ba wanda ya taɓa mutuwa da tsirensa sai wanda kwanansa ya ƙare. Aka ba shi ƙwayoyi aka ce ya dawo bayan mako. Farar rigar da buhun fulawa aka ɗinka ta, da sauran rubutun kamfani a gadon baya.

A kwana na shida aka je ɗaga shanu aka tarar biyu sun sandare. A na tara, ɗaya ta bi su. A na goma sha biyu Illo ya riski biyu suna shure-shure ya sa musu wuƙa da kansa, aka rarraba ɗan abin da ke jikinsu gida-gida, ba a karɓi ko ƙwayar gero ba. Saura huɗu.

Ran nan Malami ya ja Illo gefe. Bai taɓa janye dabararsa a gaban mutum ba, don haka maganar ta fito masa a karkace.

"Fullo, a bar zancen takardar nan. Sarki ya yanka sauran shanun yau, a sayar da abin da ya sayu."

Illo bai dube shi ba. Gabas yake kallo, inda wani ɗan farin gajimare ke yawo shi kaɗai kamar ya ɓata hanya.

"Hukuma ta ce a jira, Kaɗo. Sai mu jira."

Nan Malami ya gane dalilin saurin amincewar nan. Illo ba ya son yankawa, bai taɓa so ba. Kowace ranar da takarda ta ci, rana ce da hadari ka iya haɗowa ciyawa ta tsiro ya tsira da irin shanunsa. Ashe su biyu ne ke fakewa a bayan takarda ɗaya, ɗaya don son shanu, ɗaya don son a ce shi ya tsara. Da Malami ya auna dalilan biyu, bai ga nasa ya fi nauyi ba.

Da Ɗanmusa ya tsallake awo na biyu, aka sa rana ta goma sha shida, duba da gashi duk a yini ɗaya. Aka tura mai shela kasuwannin Kurawa da Turba da Tozai. Kalilu ya aiko cewa da hantsi yana tafe.

Da asuba aka ɗauko shanun huɗu a amalanke, aka sauke su taku goma daidai daga daɓe, Malami ya auna da ƙafarsa har sau biyu. Aka ɗaga su suka tsaya. Hantsi ya yi ya wuce. Rana ta take. Ƙafafun shanun suka fara rawa, kowa kuma ya san in suka kwanta an gama. Sai aka kafa wa kowacce gwafanni huɗu, aka ɗaura buhu ta ƙarƙashin cikinta, ta zama rabi a tsaye rabi a rataye.

Jama'a kuwa sun zo, har sun fi yadda Malami ya yi mafarki. Sai dai babu mai albashi ko ɗaya a cikinsu. Mai shela ya faɗi nama ya faɗi gero, amma a kan hanya geron ya zube, naman kaɗai ya isa kunnuwa. Tsofaffi ne da mata masu goyo, sun tako tun daga Tozai da ƙoren da babu komai ciki, suka zauna a rana suka kewaye tukubar da ba a hura ba. Wata babbar mota ta rage gudu a bakin hanya, direban ya leƙo ya ƙare wa taron kallo, ya ƙara mai.

Bayan azahar Kalilu ya iso yana tura babur, tayar baya a sace, gumi ya jiƙa masa kaki. Bai ko zauna ba. Ya ƙwanƙwasa daɓe da dunduniya, ya leƙa gangunan, ya zura sanda cikin rami, ya juya Ɗanmusa gaba da baya.

"Malam, ko a Sakkwato ban ga shiri irin wanga ba," ya ce, kuma da gaske yake. Malami ya ji wani sanyi a ransa, sannan ya ji kunyar sanyin.

Kalilu ya juya ga shanun. Ya daɗe yana kallon gwafannin.

"A cire."

Aka cire wa ta farko, ta durƙushe kamar an zare mata ƙashi. Ta biyu ta yi taku ɗaya ta kifa. Ta uku ba ta ma jira an gama kwance buhun ba. Ta huɗu, wata mai farin goshi da Illo ke kira Wule, ta tsaya tana layi. Illo ya koma kan daɓe ya tsuguna, ya yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin maganar da ba a yi wa mutane. Ta ɗaga ƙafa. Taron ya kama ƙirga da baki ɗaya, har da waɗanda ba su san dalilin ƙirgar ba. A na bakwai ta tsaya. Sannan ta ƙarasa, kofatonta ya yi ƙara a kan siminti, ta sa hanci a tafin Illo.

Kalilu ya sa hannu a takarda ya buga hatimi. Ɗanmusa ya naɗe hannun farar rigarsa ya zaro wuƙa.

"Mai da ta kube, Sarki," in ji Illo.

"Fullo," Malami ya matso, "ita kaɗai doka ta ba mu."

"Ni ma ita kaɗai Allah Ya bar mani. Saniyar da ta taka goma tana taka ɗari. In yanke mai tahiya, in zauna da mi?"

Ɗanmusa ya yi tari ya mai da wuƙarsa. Kalilu ya dubi ukun da ke kwance, ya dubi ƙoren da suka kewaye shi, ya cusa littafinsa cikin jaka.

"Waɗannan ba su sayuwa, Malam, ko da tiya guda. In anka sayar, ni da ku duka muna ciki." Ya share gumi. "Za ni masallaci, ban yi azahar ba, kuma sallata tana da tsawo. Abin da anka bayar sadaka ba ya cikin littahina. Amma don girman Allah, Sarki, ka fara duba saifa. In ta kumbura ta yi baƙi, a rufe duka cikin ramin can."

Saifar lafiyarta lau. Yunwa ce kawai. A ƙasa aka yanka su, nan inda suka faɗi, taku goma daga daɓen da bai ga ɗigon jini ba. Naman kamar tsumma, babu kitse ko na shafa wa tsinke, in an kafa shi a tukuba ruwa yake tsiyaya yana kashe garwashi. Duk da haka kafin la'asar sakaliya babu sauran ko ƙashi. Mutane suka yi ta sa wa Malami albarka suna kama hanya. Ya tsaya yana amsa amin, yana kallon buhunan da aka tanada don zuba gero, a ninke yadda aka kawo su.

Washegari da hantsi Illo ya yi sallama a ƙofar gidansa. A bayansa jakuna biyu ne ɗauke da tabarmi da ƙore, da matansa da 'ya'yansa, da Wule a tsakiya an lulluɓa mata buhu saboda rana. Kudu za su yi, in ji shi, an ce akwai sauran ciyawa wajen Zamfara. Wa ya ce, bai sani ba.

A gindin katanga kuwa tsohuwar mahaifiyar Illo ce zaune da ɗan ƙunshin kayanta a cinya, tana kallon ƙasa.

"Inna ba ta iya tahiyar," in ji Illo. "Na bar maka ita, Kaɗo. Ba ta da ci da yawa. In ruwa ya sauka ina dawowa."

Malami ya buɗe baki. A karo na farko cikin shekaru bai tarar da wata dabara a ciki ba. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, ya tsaya har suka sha kwanar marke, sannan ya ɗauki ƙunshin, ya kama hannun tsohuwar suka shiga gida a hankali.

Kadijatu na tsugune a bakin murhu tana dama kunu. Ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙunshin, ta dubi mijinta. Ya fara shirya bayani, da gabatarwa da dalilai.

"Sannu da zuwa, Inna," in ji Kadijatu. "Ga tabarma can inuwa."

Ta miƙa hannu ta ɗauki moɗa, ta kankaro abin da ya rage a gindin randa, ta ƙara wa kunun ruwa.