Gwaggo ko Bhaku

A gidanmu na Mdantsane, a Afirka ta Kudu, mutum takwas ne a cikin inshorar jana'iza, kuma daga albashina na shara a asibiti ake cire kuɗin. A nan ba a jin kunyar talauci, abin kunya shi ne a binne naka babu saniyar yanka, babu rumfa, babu akwati mai sheƙi. Ban da wannan akwai inshorar magani ta Bhaku, karena, rand ɗari biyu da talatin a wata. Shi ke raka ni tashar mota kullum da asuba, kuma shekara shida ba ɗan iskan da ya taɓa fizge mini jaka.

Da aka rage wa mijina Mzoxolo kwanakin aiki, ya zama dole a rage wani daga inshora. Na ce a cire gwaggonsa Nofezile da ke ƙauye, wadda tun da na shigo dangin ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Maman Lwazi, kanki ɗaya kuwa?" in ji shi. "Gwaggona za ki ɗora a sikeli da kare? Ran da ta faɗi, da wane ido za ki kalli dangi?"

"Baban Lwazi, 'ya'yanta huɗu fa, duk da ransu."

"Su suka sani. Ke ce suruka, ke za a zaga."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Na kira kamfanin na soke ta Bhaku, yana kwance a kan ƙafata ina magana.

Wata uku bayan nan ya daina cin abinci. Na ɗaga leɓensa, dadashin ya yi fari fat. Likitar dabbobi ta ce zazzaɓin kaska ne, ya riga ya ci jininsa, sai an yi ƙarin jini an kwantar da shi. Rand dubu bakwai.

"Mama, ai na ga sunansa da inshora a wurinmu," in ji ta.

"Da yana da ita."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce akwai wata allurar da za ta ɗauke ransa, ɗari shida, ba zai ji zafi ba. Na riƙe kansa har ya yi nauyi a hannuna. Na tsani kaina a lokacin, har yau ban daina ba.

Na dawo na iske Mzoxolo yana cin fate a ƙofar gida. Ya dubi sarƙar Bhaku da ke hannuna, har na ɗauka ta'aziyya zai yi mini.

"Sai haƙuri," ya ce. "Nawa ma kike kashewa a abincinsa duk wata?"

"Ɗari uku."

Ya gyaɗa kai yana lissafi.

"To, kin ga. Kawu Sandile ya daɗe yana tari, kuma ba kowa da ya sa shi a inshora. Gobe ki biya ofishinsu ki ƙara sunansa."