Yadda Kujerar Avetoe Ta Salwanta

Mazaɓar Avetoe garuruwa biyu ce, Todzi a kan dutse, Tornu a bakin tafki, kuma tun zaɓen farko ba sa ga maciji da juna. A wancan karon ɗan Todzi ne ya ci, bayan kwalekwalen da ya ɗauko akwatin ƙuri'un masunta ya kife da rana tsaka, ruwa kwance kamar tabarma. A zaɓe na biyu sai da aka fasa kawuna. Daga nan dattawa suka zauna, suka tsiyaya giya a ƙasa, suka rantse cewa dutse zai yi zango biyu, ruwa ya yi biyu. Ɗan Tornu na farko da ya shiga majalisa bai shekara ba ya rasu, jim kaɗan bayan wata liyafa a Todzi, 'yan dutse kuma suka lashe zaɓen cike gurbi. Tun daga ranar ɗan Tornu ba ya sa hannu a kwanon Todzi, ko da a gidan biki ne.

Daavi Ablavi 'yar Todzi ce, aure ya sauko da ita. Shekara talatin tana ƙyafe kifi a Tornu, ta haifa musu 'ya'ya biyar, amma har yau in ta ba da baya "'yar dutse" ake ce mata. Mijinta Efo Kpodo tsohon hedimasta ne, kuma shi gari ya tsayar, don bana karon Tornu ne. Har ya ɗinka kwat.

Kwatsam rediyo ya faɗi cewa an rushe mazaɓar. An manna Todzi da wata ta arewa, Tornu kuwa an haɗa ta da babban garin da ke ƙetaren tafki, inda ƙuri'unsu ba su fi gishiri a miya ba.

Washegari a kasuwa Yawa mai manja ta tsaya gaban tiren Ablavi, ba ta ko taɓa kifin ba.

"Daavi, ashe ɗan kawunki Onarabul Gakpo da ke kan kujera gwanin dabara ne. Da ya ga tukunya za ta iso gabanmu, sai ya fasa ta."

"Sai ki hau ki tambaye shi, ai hanya ba ƙaya."

"Mu ina muka san hanya? Sai dai masu kai masa labarin taronmu."

Mata suka kwashe da dariya. Ranar Ablavi ta koma da rabin kifinta, kuma haka aka ci gaba. A coci ma benci ya riƙa yi mata faɗi.

Amma ba wannan ne ya fi damunta ba, mijinta ne. Mutumin da ke zage-zage in akuya ta shiga lambunsa, an ƙwace masa abin da ya jira rabin rayuwarsa, bai ce uffan ba. In matasa suka zo suna cewa a tare hanya, sai ya ce a bi a hankali. Sa'annan ya tsiro da fita duk Talata, wai zancen fansho. Ablavi ta lura da takalminsa in ya dawo: jar ƙasa, alhali Tornu duk yashi ne fari. Kuma in ta ajiye masa abinci sai ya ce cikinsa ba daɗi.

"Efo, ofishin fanshon nan a kan tudu yake?"

"Ke dai ba kya rasa magana."

"Tambaya ce. Na ga kamar har ciyar da ku suke yi."

Ya ɗauki rediyonsa ya koma ƙarƙashin bishiya.

Talatar da ta biyo baya, ta bar shi ya yi nisa, ta rufe murhu, ta hau motar haya zuwa Todzi. Gidan Onarabul gidan kawunta ne, don haka ta bi ta ƙofar baya, ta wuce masu daka ba wanda ya tare ta. A gindin mangwaro ta hango su, mijinta da Gakpo, hannu cikin kwano ɗaya na tuwon masara da miyar kuɓewa. Ta laɓe bayan tankin ruwa.

Gakpo yana cewa, "Malam, ka ƙara haƙuri. Bayan zaɓe kowa zai manta."

"Matata ce ke shan duka a kasuwa."

"Ai gara ita. Mace ce, zagi kawai za ta sha. In suka ji da kai muka je Accra, gidanka za su ƙona."

Ablavi ta fito. Loma ta tsaya wa Efo Kpodo a hannu.

"Ku ci, ku ci, kada miya ta huce. Me kuka je yi Accra?"

Gakpo ya yi murmushin 'yan siyasa. "Ƙanwata, zauna mana."

"Yaya, ba da kai nake ba."

Efo Kpodo ya wanke hannu ya daɗe yana gogewa, sa'annan ya faɗa mata. Bara Gakpo ya zo masa da shawara: su je tare su roƙi a raba Avetoe biyu, kowane gari da kujerarsa, shi ya zarce, Kpodo kuma ya samu tasa ba hamayya. Suka je a ɓoye. Masu shata iyaka suka duba, suka yarda garuruwan ba sa zama tare, amma suka ce kowanne ya yi ƙanƙanta da kujera.

"Shi ma ya rasa tasa," in ji Efo Kpodo, kamar wannan zai sanyaya mata rai.

Ablavi ta dubi Gakpo. A gari an ce ana gina masa gida a mazaɓar arewa tun kafin sanarwa. Ba ta tambaya ba, don ta san amsar da zai bayar.

Ta ce wa mijinta, "Ran Lahadi ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa da nawa."

Ya faɗa. Bayan huɗuba ya miƙe gaban jama'a, ya zayyana komai. Ablavi ta sunkuyar da kai tana jiran ihu.

Ihun bai zo ba. A bakin ƙofa ta ji Yawa na cewa, "Allah sarki, Malam. Dubi yadda ta shanye shi, har ya ɗauki laifinta ya aza a kansa." Dattawa suka riƙa dafa kafaɗarsa suna ba shi haƙuri. Ya sake rantsuwa, suka ƙara tausaya masa.

Ranar zaɓe 'yan Tornu kaɗan ne suka fito, don duk 'yan takarar mutanen ƙetare ne. Ablavi ta ci ado, ta je ta dangwala, ta dawo da tawada a yatsa. Efo Kpodo yana zaune a ƙofar gida.

"Wa kika zaɓa?"

Ta tsaya ta dube shi sosai.

"Wa ya aiko ka ka tambaya?"