Fil a Kusurwar Yadi

Abin da yake tsoro, wanda bai taɓa furta wa kowa ba, shi ne wata rana ya yi sallama a ƙofar shago, Kawu ya ɗago kai daga keken ɗinki ya dube shi irin duban da ake yi wa baƙo.

Kawu ƙanen mahaifiyarsa ne, tela, kuma shi ya riƙe shi tun yana ɗan shekara shida. Shekara goma sha tara ke nan Kawu yana rayuwa da ƙwayar cutar HIV. Yana shan maganinsa kullum da zarar ya buɗe shago, har gwaji ya daɗe da daina ganin ƙwayar a jininsa. Bai taɓa barin ɗan ƴar'uwar tasa ya zauna masa a shago ba. "Kai karatu za ka yi," yake cewa, "tela ɗaya ya ishi gidan nan." Ya yi karatun, ya fito da difloma a aikin gwajin jini, aka ɗauke shi a wani ɗakin gwaji da ke hawa na biyu na asibiti. A can Mai Lamba ake ce masa, domin shi yake manna lambobi a jikin kwalaben jini, shi kuma yake shigar da sakamako a kwamfuta. Kawu kuwa Likita yake kiransa, rabi alfahari rabi tsokana.

Bincike ake yi a ɗakin a kan wani abu da ake kira telomiya. Madam, shugabar ɗakin, ta yi musu bayani tun ranar farko. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai zaruruwa masu ɗauke da gadon mutum, a bakin kowane zare kuma akwai ɗan murfi da yake hana shi warwarewa. Murfin shi ne telomiya, kuma yana ɗan gajarta duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu. Ana son a gano ko ya fi saurin gajarta ga masu HIV, da kuma ko hakan yana da alaƙa da mantuwa. Saboda haka duk wanda ya shiga binciken ana ɗibar jininsa, sannan a yi masa gwajin tunani a takarda. Doka ɗaya Madam ta fi nanatawa: ba suna a ɗakin nan, lamba kawai.

Wata ranar Talata, yana jera takardun gwajin tunani, hannunsa ya tsaya a kan ta ɗari huɗu da sha bakwai. An ce kowa ya zana fuskar agogo. Kowa ya ja da'irarsa da zane guda, amma wannan mutumin gajerun layuka ya yi, ɗaya bayan ɗaya, yadda tela yake yi wa yadi alama da alli kafin ya yanka. Mai Lamba ya san hannun. Kawu ya shiga binciken bai gaya masa ba.

Kamata ya yi ya tashi ya sanar da Madam nan take. Bai tashi ba. Da sakamakon jini ya fito bayan mako biyu, idonsa ya riga hankalinsa zuwa kan lambar. Telomiyar tana cikin mafi gajarta a jerin.

Tun daga ranar ya sayi ɗan littafi mai baƙin bango ya shiga sa wa Kawu ido. Idan Kawu ya nemi almakashi alhali yana gefensa, sai ya rubuta. Idan ya maimaita labarin da ya ba shi jiya, sai ya rubuta, da rana da lokaci, cikin rubutunsa mai tsabta. Ranar da Kawu ya tafi karɓar magani ya bar masa mukulli don ya buɗe wa mai gyaran wuta, ya tarar da abin da ya fi tayar masa da hankali. Yadukan mutane suna jibge a kan kanta, kusan kowanne da fil a soke a kusurwarsa, wani ɗaya, wani biyu, masu kai ja da kore da fari. Ya cire su duka don kada su soki wani, ya mayar cikin gwangwaninsu, ya rubuta: ya manta fil goma sha ɗaya a jikin kaya.

Bayan kwana huɗu ya biya shagon da la'asar, yana dawowa daga aiki. Tun daga bakin titi ya lura ba ƙarar keke. Kawu yana zaune a kan benci, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya zuba wa yadukan ido.

"Likita, shigo ka zauna. Ɗauke wancan buhun ƙyallen."

"Lafiya, Kawu? Ko wutar ce ta sake lalacewa?"

"Wuta lafiyarta lau. Ni ne dai." Ya shafa gemunsa. "Malamar makarantar nan ta zo ɗazu. Dogon hannu ta ce, na yi mata gajere. Shekara goma ina mata ɗinki. Ba ta yi faɗa ba, ka ga abin da ya fi ciwo ke nan. Cewa ta yi, Baba, ko ba ka da lafiya ne?"

"Kowa yana kuskure, Kawu."

"Ba kuskuren ba ne. Ni duk yadin da ya shigo shagon nan, kafin mai shi ya kai ƙofa na soka masa fil. Ja na gaggawa ne, kore dogon hannu, biyu riga da wando. Shekara talatin hannuna yana yin haka ko ina surutu. Ran nan na dawo na duba, ko ɗaya ban soka ba. Kaya tara, ko ɗaya! Na zauna ina ta tuno lokacin da na karɓe su, ina ganin kaina ina sokawa, ga yadi kuma ba komai." Ya yi ɗan murmushi. "Dama an ce ciwon nan yakan taɓa kai idan an daɗe. Gara in rufe da mutuncina kafin in ɓata wa wani kayansa har in kasa haɗa ido da shi. Ƙarshen wata zan mayar wa mai gida mukullinsa."

Mai Lamba ya dubi gwangwanin fil ɗin a kan taga, daidai inda ya ajiye shi.

"Kawu, ni na cire su."

"Ka cire me?"

"Fil ɗin. Na zaci mantawa ka yi da su."

Kawu ya dube shi. Sai dariya ta kubce masa, ƴar gajeriya, har da tari.

"Kai, Likita! Difloma guda, ka shigo ka goge mini littafi kana ganin shara ka yi? Kwana huɗu abinci ba ya mini daɗi!" Dariyar ta tsaya. "To me ya sa ka zaci ina mantuwa?"

Ya ciro ɗan littafin daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu. Ya gaya masa komai, tun daga zanen agogon har zuwa jerin sakamakon. Kawu ya sa tabarau ya buɗe shafukan a hankali.

"Almakashi," ya karanta. "Wane tela ne bai taɓa neman almakashinsa ba?" Ya rufe littafin ya ɗora a gwiwarsa. "Sun ce mana ba wanda zai san sunanmu. Shi ya sa na shiga, kuma shi ya sa ban gaya maka ba. Na san halinka, tun kana ƙarami idan na yi atishawa ba ka iya cin abinci."

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"To tunda ka leƙa, gaya mini. Me jinin ya ce?"

"Murfin naka gajere ne. Amma Madam ta sha faɗa mana cewa wannan awon na kwatanta jama'a da yawa ne, ba ya faɗin abin da zai samu mutum ɗaya. Shekaru ma suna gajarta shi, ko ga wanda ba shi da ciwon."

"Gwajin takardar fa? Kalmomi biyar ɗin nan da suka ce in riƙe?"

"Ka kawo su duka."

"Ka ga wannan ma?"

"Na gani."

"Amma ban gan shi a littafin nan ba."

Kawu ya miƙe, ya ɗauko gwangwanin, ya tsaya gaban kanta. Ya ja yadi na farko, ya murza shi tsakanin yatsu. "Na direban nan ne, riga da wando." Ya soka biyu. Ya ja na gaba. "Na matar mai shagon magani, Alhamis take so." Ja. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba, bai kuma tsaya tunani ba sai a kan guda ɗaya, wanda ya ware gefe ya ce zai kira mai shi ya tambaya.

"Na san masu kayan nan tun ran nan," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Yarda da kaina ce na daina yi. Idan wata rana kan ya fara tafiya da gaske, likita na gaske zan gani, kuma kai za ka raka ni. Amma a gabana za ka tambaye ni, ba a bayan idona ba."

Ya koma kan keken ya gyara zare. Mai Lamba ya tuna sauran lambobin da ke jerin, mutum ɗari biyar da aka yi wa alkawari irin wanda aka yi wa Kawu. Ya san Madam ba ta wasa da dokar nan, kuma ya san mutum nawa ne suke jiran kujerarsa.

"Kawu."

"Na'am, Likita."

"Gobe da safe zan shiga ofishin Madam in gaya mata na gane mai lambar nan, kuma na duba sakamakonsa. Ko za ta cire ni daga binciken ne, daga bakina za ta ji."